Mutuwar Ba'amurke Mai Citta

Mista Leonard, Ba'amurken da ke sayen citta a Kafanchan, ya saye irin shuka na cittar Kagoma kaf, ya sa mata su tsaga shi su shanya. Da safiyar wata Talata aka same shi kwance a kan falalen dutsen da ake shanyar, kansa a fashe, malafarsa a gefe.

Babu wanda ya yi kuka. Wata mata ta fara, ta waiga ta ga ba mai taya ta, ta yi shiru.

Kafin rana ta take 'yan sanda sun kama Abednego, wani manomi da bakinsa ya fi gonarsa girma. Ranar kasuwa ya hau kan babur ɗinsa ya ce, kowa yana ji, sai ya tsaga kan Bature kamar yadda Bature ke tsaga iri. Kuma ga sawun babur ɗin a gindin dutsen.

Sufeto Sa'adiya ce ta aiko a kira ni. Sunana Ƙasimu. Maharbi ne ni, ubana ma maharbi ne. Da nama ya ƙare a daji na koma bin sawun shanun sata da babura. Ban taɓa ɗaukar sawu na ajiye shi a hanya ba.

"Baba," ta ce, "Bature ne ya mutu, ba akuya ba. Gobe da rana mota za ta zo daga Kaduna. Manya suna son mutum a hannu, kuma ga mutum a hannu. In suka tafi da Abednego, 'ya'yansa sai dai su san shi a hoto."

"Shi ya yi?"

"Da na yarda shi ne da ban tashe ka ba. Sunan ubansa kawai na tambaye shi, ya suma, sai da aka yayyafa masa ruwa."

"To, a kai ni dutsen. A hana mutane tattake mini ƙasa."

"Na sa igiya tun da safe."

Yarinyar ta san aikinta.

* * *

Sai na faɗi ko wane ne mamacin, don a san dalilin da kowa a garin ya zama abin zargi.

A ƙasarsu, in ji masu karatu a waya, sana'arsa sayar wa mutane abin da bai mallaka ba. Ya sayar da hannun jarin rijiyoyin mai a wurin da ko rami ba a haƙa ba. Tsofaffi da yawa sun rasa abin da suka tara don tsufa. Ya shiga gidan yari siriri, ya fito da tumbi. Daga nan ya ɓullo mana.

Mutum ne mai fara'a, wannan ba a ƙwace masa ba. Babbar riga yake sawa da malafa da dogon takalmi irin na masu kiwon shanun ƙasarsu, ga sanda mai kan azurfa. A mako guda ya saya wa coci kayan kiɗa, ya haƙa wa masallaci rijiyar burtsatse, don kada ya rasa mai yi masa addu'a ta kowane ɓangare. Hausarsa kalma biyu ce: "Nawa?" da "Ya yi tsada." Ko gaishe shi ka yi, ɗaya daga ciki zai ba ka.

Ya cika sito da busasshiyar citta tun tana arha. Sai cuta ta sauko ta cinye gonaki, farashi ya tashi sama, shi kuwa yana ta dariya. Gonaki kaɗan ne suka tsira a Kagoma. A cikinsu kaɗai aka samu iri mai lafiya. Ya bi manoman gida gida ya saye, ya ce zai adana musu a inuwa, in damina ta kawo kai ya mayar musu su shuka, su biya da kaka. Yunwa ta sa suka yarda.

Da ruwa ya kusa, sai ya ce a tsaga. Citta in aka tsaga ta aka shanya, ta mutu, ba ta sake tsirowa. In ba iri ba shuka, in ba shuka abin da ke sitonsa ya zama zinariya. Wannan ne lissafinsa. Matan da ya ɗauka aikin tsagawar kuwa matan manoman ne. Da hannunsu suke yanka abincin 'ya'yansu na baɗi, yana tsaye yana fito da baki.

* * *

Allah ya taimake ni, an yi yayyafi kafin asuba. Ƙasa ta yi laushi, ta riƙe komai.

Sawun babur ɗin Abednego duk ɗigon ruwa ya huda shi.

"Wannan na jiya da yamma ne," na ce. "Ya zo ya tafi kafin ruwa. Takalmin Bature kuwa bayan ruwan ya taka."

"Na gani, Baba. Amma mutanen Kaduna ba za su saki mutum saboda ɗigon ruwa ba. Za su ce ya ajiye babur ya dawo da ƙafa. Sai mun ba su wani."

A gefen dutsen akwai rumfa inda ake ajiye buhuna. Busasshiyar citta mai tsada tana nan ba a taɓa ba. Ɗanyen iri da bai kai ga wuƙa ba, shi aka kwashe mafi yawansa. Ɓarawon kasuwa ba ya yin haka.

Sawu biyu na samu da aka taka bayan ruwan, ban da na Bature. Na farko takalmin fata ne mai tsada. Ya shigo a hankali, ya fita da gudu, har da zamewa. Na biyu silifa ce ƙarama, irin wadda rabin garin ke sawa. Ta yi ta kai da kawo tsakanin rumfar da wani rafi mai duwatsu, inda sawun ya ɓace. In ta fita, yatsu sun nutse cikin ƙasa, alamar kaya mai nauyi da ya danne mutum ta gaba. In ta dawo, sakayau. A gefenta nan da can akwai ɗan rami zagayayye kamar na sanda.

"Ɗan dako ne," na ce. "Gajere, mai ƙaramar ƙafa. A kafaɗa ya ɗauki buhun, yana dogara sanda."

Muka tafi kasuwa na sa 'yan dako suka jeru suka tuɓe takalma. Ban taɓa ganin ƙafafu marasa kyau a wuri guda irin na ranar ba. Kowannensu kamar faranti. Ɗaya ya ce, "Baba, in aure za ka ba mu, fuska ake dubawa." Na ce masa fuskar tasa ma ba ta fi ƙafar ba.

Ba kuskure na yi ba. Jinkiri ne.

* * *

Na sami Abednego a bayan kanta, ya kumbura da kuka. Ƙato ne, amma murya kamar ta ɗan akuya.

"Baba, baki ne kawai! Allah ya sani. Ni ko kaza ba na iya yanka, Joanna ne yana yanka."

"Me ya kai ka dutsen jiya?"

"Roƙo. Na durƙusa masa, na ce Oga ka ba ni ko rabin buhu in shuka. Ya ce ya yi tsada."

"Sai ka yi fushi."

"Sai na yi kuka. Na hau mashin na tafi gida."

Muna cikin haka matarsa Joanna ta iso da kular abinci a ka, ciki ya tsufa. Uwarta na biye da ita hannu a goye a baya. Sunan uwar Paulina, ita ce shugabar matan da ke tsaga citta, kuma uwar zumuntar mata a cocinsu. Bagwariya ce daga wajen Kajuru, aure ya kawo ta Kagoma tun jirgin ƙasa yana tsayawa a Kafanchan kowace rana. Gajeriyar tsohuwa, busasshiya, ido kamar na shaho.

"Maman Joanna," na ce, "surukinki ya kashe Bature?"

Ta dube shi sama da ƙasa.

"Wannan? Malam Ƙasimu, da ya yi, da na kai akuya coci na yi godiya, na ce ashe 'yata ya auri namiji."

"Mama!" in ji Joanna.

"Ƙarya na yi? Ranar da maciji ya shiga ɗaki, wa ya hau tebur?"

"Mama, ƙaton maciji ne," in ji Abednego.

"Ci abincinka. Kuka ba ya cika ciki." Ta tura masa kular da ƙafa, amma na ga ta zaɓo masa tsokar da ta fi girma ta ɗora a sama.

Joanna ta bi ni waje. "Baba, da gaske za su kai shi Kaduna?"

"Ba su kai shi ba tukuna."

"In suka kai shi zai ce shi ne. Ko tsawa aka yi masa zai ce shi ne."

Gaskiya ta faɗa. Wannan ne ya sa ban tsaya cin abinci ba.

* * *

Takalmin fata bai ba ni wahala ba. Mutum ɗaya ne a kasuwar citta ke sa irinsa, Alhaji Ubaidullahi, wanda kakanninsa suka fara awon citta a Kafanchan. Tun da Bature ya zo ya zama na biyu, kuma bai iya zama na biyu ba. Kullum a rumfarsa yana tsine wa Bature.

Na same shi da takalmin soso a ƙafa.

"Alhaji, ina na fatar?"

"Na ba da a goge."

"Laka ce ta kama shi?"

Ya sallami yaransa. Ya matso da kujera.

"Baba Ƙasimu, kai abokin mahaifina ne. Ka rufa mini asiri."

"Ban zo da bargo ba. Faɗi."

"Na je. Bayan sallar asuba na je, don kada a gan ni. So nake ya sa ni a cikin harkar, ko da kashi kaɗan."

"Harkar kashe iri."

"Kasuwa ce, Baba."

"Da rana kana zaginsa, da asuba kana roƙonsa."

"Haka kasuwa take." Ya share gumi. "Na same shi kwance. Na ɗauka barci yake, don malafar a kan fuskarsa take. Na yi sallama, shiru. Na ɗaga malafar. Wallahi ban san ina da gudu ba sai ranar."

"A kan fuskarsa take?"

"An rufe shi da ita sosai. Kuma an janye cittar da ke kusa da shi, an tara gefe, don kada jini ya taɓa. Har na ce a raina, wannan makashin ya san darajar kaya."

"Me ya hana ka gaya wa hukuma?"

"In ce na je yin me?"

Na bar shi. Mutumin da ya zame sau biyu yana gudun gawa ba shi ya tsaya ya rufe mata fuska ba.

* * *

Saura Madam Clara. Tana da gidan abinci kusa da tsohuwar tashar jirgi, kuma duk garin an san Bature ba farfesu kaɗai ke kai shi can ba. An kuma ji ta jefe shi da faranti kwanan baya.

Ta sa baƙaƙen kaya da jan baki. Ta zubo mini farfesun kayan ciki ba tare da na tambaya ba.

"Baba, ka zo ka kama ni? Bari in canza takalmi."

"Me ya haɗa ku faɗa?"

"Amurka. Shekara da shekaru yana cewa zai kai ni. Na yi fasfo, na sayi rigar sanyi, rigar sanyi fa, a garin nan! Ashe shi kansa in ya sauka a can, daga jirgi sai gidan yari. Ni ce ma zan iya zuwa, shi ba ya iyawa."

"Sai kika jefe shi."

"Na jefe shi, ban same shi ba. Ka ga tabon a bango. Mutum kamar ɗaki, amma na kuskure."

"Kin je dutsen?"

"Da wannan ƙafa?" Ta ɗaga takalmi mai tsini kamar ƙusa. "Shi ne kullum da asuba sai ya je ya shaƙi cittar, wai ƙamshin arziki. In ya ga wani kusa da buhunsa, sanda ce. Ya fasa wa mutane da yawa baya da sandar nan, sai ya yi dariya ya ba su na magani."

"Kin yi baƙin ciki?"

 "Yana sa ni dariya, Baba. Mugu ne, amma yana sa ni dariya. Ci kafin ya huce."

Na kai cokali baki ke nan, sai wata mai tallar doya ta shigo da daro a ka. Rumfar ƙofar Clara gajera ce. Matar ta rusuna, amma duk da haka daron ya bugi kwano, doya ta zube, Clara ta tashi da masifa. Na ajiye cokalin.

"Baba, ina za ka? Bai yi daɗi ba?"

"Ajiye mini."

Ba ta ajiye ba. Na tambaya daga baya.

* * *

Na koma dutsen da la'asar tare da Sufeto.

Tsakanin rumfar da rafin akwai wata bishiyar mangwaro. Ta yi 'ya'ya har rassan sun sunkuyo, sun kai mini kafaɗa. Da safe na wuce ta ban dube ta ba, don ƙasa nake kallo.

"Dubi hanyar matan da ke aiki a nan," na ce. Hanya ce da ƙafa ta daɗe tana bi, ta yi fari. Da ta iso bishiyar sai ta karkata, ta kewaye ta, ta dawo.

"Don me ta kewaye?"

"Kaya a ka ba ya wucewa ƙarƙashin rassan nan."

"Amma silifar ta bi ta ƙarƙashi, miƙe."

"Da buhu. Kuma ko ɗanyen mangwaro ɗaya bai faɗo ba."

"To ai ka faɗa tun da safe, Baba. A kafaɗa aka ɗauka. Namiji ne."

"Zo."

Bayan bishiyar akwai ɗan kwazazzabo da ruwa ya ci. Na sa wani ɗan sanda ya tsallake, ya tsallake da taki ɗaya. Silifar ba ta tsallake ba. Ta gangara ciki da gajeren taki, ta haura. A bakin gangaren, inda laka take, gefen tufa ya share ƙasa.

Sufeto ta tsuguna. "Zani."

"Zani ne. Mai zani ba ta buɗe ƙafa."

Na nuna mata ramin da na ce na sanda ne. Mai dogara sanda kowane taki yana huda ƙasa. Wannan sai an yi nisa ake ganinsa, kuma duk inda yake, ƙafafun biyu a haɗe suke a gabansa. Tsayawa aka yi aka huta. Ba sanda ba ce, gwafa ce, wadda ake tokare kaya da ita ta baya a sauke numfashi ba tare da an ajiye kayan ƙasa ba.

"Mace," in ji Sufeto a hankali, "wadda ba ta ɗaukar kaya a ka."

"Gobe da safe ki tara su a nan. Matan duka, da Alhaji, da Clara. Ki zo da Abednego."

"Ka san ta?"

"Na sani. Ban ji daɗin sani ba."

* * *

Da hantsi kowa ya hallara a rumfar. Alhaji ya zo da na fatar a goge. Clara ta zo da laima. Abednego yana zaune a ƙasa da ankwa a hannu, Joanna a gefensa. Matan suna tsaye a inuwa, Paulina a gabansu.

"Ragowar buhunan nan shaida ce," na ce. "Za a kai su mota. Motar tana can bayan mangwaro. Mata, ku taimaka."

"Maza fa?" in ji wata. "Ga Alhaji nan."

"Ina da ciwon baya," in ji Alhaji.

Aka yi dariya. Matan suka naɗa gammo, suka taya juna ɗorawa a ka, suka bi hanyarsu ta kullum, suka kewaye bishiyar ɗaya bayan ɗaya. Buhu ɗaya ya rage. Mace ɗaya ta rage.

"Maman Joanna, saura ke."

"Mama, ina gwafarki?" in ji Joanna. "Tun jiya ban gan shi ba."

 Paulina ta dubi bishiyar, ta dubi ƙasa, ta dube ni. Sai ta yi murmushi.

"Kai tsohon nan, ba ka da aiki a gida?"

"Wannan ne aikin."

Ta juya wa buhun baya, ta tsuguna, ta ja shi ya hau kafaɗarta a bayan wuya, kamar yadda matan garinsu ke yi tun kaka da kakanni. Ta miƙe ba mai taya ta. Ta bi ta ƙarƙashin mangwaron, ganye ɗaya bai motsa ba. Ta juyo ta dawo ta sauke shi a gaban Sufeto.

"A garinmu kan mutum ba jaki ba ne," ta ce. "Shi ne yana yi wa mutum tunani, ba a ɗora masa kaya. Na tsufa a nan, ban koya ba. Gwafa kuma na sa shi a wuta na dafa tuwo jiya. Sufeto, cire wa yaron nan ƙarfen hannu."

 Clara ta rufe laimarta.

"Mama," in ji Sufeto, "ki san abin da kike faɗa."

"Na sani. Na roƙi mutumin nan, na yi masa gwiwa biyu a kan dutsen nan, na ce ka bar mana ko kaɗan. Ya ce ya yi tsada. To na zo tun kafin asuba, ruwa na ɗaukewa, ina kwashewa. Na kusa gamawa ya iso. Ya buge ni." Ta sassauta rigarta ta nuna baya. Shatin sanda biyu, sun yi baƙi. "Wannan ban damu ba, mijina marigayi ma ya gwada ya bari. Amma sai ya zazzage buhu, ya hau irin da takalmi yana murjewa, yana dariya. Na ɗaga gwafa. Sau ɗaya. Ya faɗi da baya a kan dutse."

"Sai kika rufe masa fuska," na ce.

"Ɗan wani ne. Na yi masa addu'a, Ubangiji ya ji ko bai ji ba, wannan nasa ne. Na janye citta, na kwashe abin da na iya."

"Kika bar surukinki a sel," in ji Sufeto.

"Na ce bari iri ya shiga gidaje tukuna. Kwana ɗaya a sel ba ya kashe mutum, dubi jikinsa. Da motar Kaduna ya zo, a gabansa zan tsaya."

"Irin yana ina?" in ji Sufeto.

Matan duka suka ɗaga kai suna kallon sama, kamar masu duban hadari.

"Gidaje da yawa," in ji Paulina. "Na coci, na masallaci. Tambayi uwargidan Alhaji, shi ma ya karɓa."

Alhaji ya kama tari, sai da Clara ta buga masa baya.

Sufeto ta buɗe ankwar. Ta riƙe ta a hannu, ba ta matsa kusa da tsohuwar ba. "Mama, shatin nan zai taimake ki a gaban alƙali. Zan rubuta shi da kaina. Amma sai kin tafi."

"Na ɗaura kayana tun jiya."

A nan Abednego ya ba kowa mamaki. Ya miƙe, ya miƙa wa Sufeto hannu biyu.

"Ƙarya ne! Ni ne! Ni na kashe shi. Kowa ya ji na faɗa a kasuwa. Madam, mayar mini da ƙarfe."

Wani ya fara dariya, ya ga ba abin dariya ba ne.

"Kai, rufe bakinka," in ji Sufeto. "In ka maimaita wannan a gaban mutanen Kaduna, kai za su ɗauka. Ƙato mai barazana a kasuwa ya fi musu tsohuwa daɗin kaiwa. Ni kuma ba ni da ikon hana su."

"Shi nake so. Mama ya tsufa, sel zai kashe shi. Ni ina da jiki."

Joanna ta kama rigarsa da hannu ɗaya, ta kama zanin uwarta da ɗayan, ta rasa wanda za ta ja. Daga can kan titi muka ji ƙarar mota tana rage gudu, ta karyo kwana.

Paulina ta taka har gabansa. Kanta bai wuce ƙirjinsa ba. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ashe akwai namiji a ciki," ta ce. "To na gani, ya isa. Rabonka na iri yana ƙarƙashin gadon Joanna, na rufe da ciyawa. Ruwa na biyu in ya sauka ka shuka, kada ka zurfafa rami kamar yadda ka saba. Kai 'yata gida."

Ya zube a gabanta, ya riƙe mata ƙafa.

"Mama, don Yesu, ki bar ni in tafi a madadinki."

"A'a," ta ce. "Ban bari ba."